Sahun Juma'a da Ƙirjin Auta

Gidan da muke haya a unguwar Diobu, cikin Fatakwal, katanga ɗaya ce ta raba shi da makarantar firamare ta gwamnati. Ɗakinmu ne na bakin titi, in na zauna a kan keken ɗinkina na leƙa ta taga, ina hango ƙofar makarantar a gefe. Ina jin ƙararrawar tara, ina jin haddar lissafi, har muryar malamar nan da ba ta iya magana sai da tsawa na haddace ta. Shekarun farko daɗin abin nake ji. Auta, 'yata ta ƙarshe, tana fita daga gida sai ta shige aji, ba okada, ba keke mai ƙafa uku, ba tsallaka titi. Matan unguwa har cewa suke ni kam na huta.

Sai bola ta zo. A jikin katangar makarantar ta baya akwai wani fili da yara ke buga ƙwallo. Masu kwashe sharar kasuwar Mile One suka fara juye kaya a wurin, wai na ɗan lokaci ne, kafin babbar mota ta zo ta ɗauka. Da farko motar tana zuwa, daga baya ta koma sai ta ga dama, daga nan kuma muka daina ganinta. Da tulin ya kamo tsayin katanga sai suka samo dabara, suka riƙa cinna masa wuta. To, duk wanda ya zauna a Fatakwal ya san ruwan sama ba ya ɗaga mana ƙafa. Jiƙaƙƙiyar shara ba ta ci bal-bal ta ƙare, turnuƙewa take yi kwana da kwanaki, leda da roba da gashin kaji da tsummokaran da ba ka son sanin na mene ne. Hayaƙin ba ya tashi sama. Kwanciya yake yi, ya bi ta tagogin aji, ya tsallako katanga ya shigo mini ɗaki. In na shanya farin yadi da safe, kafin la'asar ya koma ruwan toka.

Tun Auta tana jaririya ƙirjinta ba shi da ƙwari, amma muna lallaɓawa. Da hayaƙin nan ya samu wurin zama sai asma ta kama ta gadan-gadan. In abin ya motsa za ka ji numfashinta yana fito, kafaɗu suna ɗagawa, idanu sun firfito, ta damƙe mini zani ba ta iya cewa komai. Duk uwar da ta taɓa zama gaban ɗanta yana neman iska bai samu ba ta san abin da nake faɗa. Wadda ba ta taɓa ba, Allah kada ya nuna mata.

Ɗakin da ke kallon namu a cikin gida na wata mata ce 'yar kudancin Kaduna, Kirista, tana aiki a kemis, shi ya sa kowa Sista yake ce mata. Hausarta ta fi ta 'ya'yana nesa ba kusa ba. Ɗanta ajinsu ɗaya da Auta. Mace ce mai baki, ni ma kuwa ba a bar ni a baya ba, in muka haɗu a famfo sai maza su ja bokitansu su koma gefe. Ita ta koya wa Auta yadda ake matsa abin shaƙar nan na masu asma. Ita ce kuma ta bi gida-gida ta tara iyaye mata, Ibo da Ikwerre da Ijo da mu Hausawa 'yan kaɗan, ta ce a fita ƙofar makaranta a yi ta ƙara har sai wani babba ya ji.

Na fita. Da hijabina da komai, marfin tukunya a hannu ɗaya, ludayi a ɗaya. Mutanen nan in za su yi zanga-zanga ɗanyen ganye suke riƙewa, ni ma aka miƙo mini reshe na soke a hammata. Wallahi da farko abin gwanin daɗi. Muna buga murafe, suna waƙa da yarensu, ni ina amshi ba tare da na san me nake cewa ba. Rabon da in ji ƙirjina ya yi sakayau irin na ranar har na manta.

Daga ina zauna-gari-banza suka ɓullo, Allah masani. Samari ne da ba su da ɗa ko ƙani a makarantar, su dai an taru. Wani shashasha ya gangaro da taya ya cinna mata wuta, ka ji fa, a zanga-zangar hayaƙi! Wani ya yi jifa, dutse ya sami gilashin aji ya tarwatse. Yara suka ɗauka harbi ne, suka ɓarke da gudu gaba ɗaya, ƙofa kuwa ƙarama. Na yar da marfi na kutsa ina kiran Auta kamar mahaukaciya. Ban gan ta a aji ba, ban gan ta a fili ba. Can na tsinto ta a ƙarƙashin teburin mai burodi, takalmi ƙafa ɗaya, gwiwa tana jini, numfashi yana fito. Wani yaro a ranar hannunsa ya karye.

Saboda haka kada wani ya zo ya ce zai koya mini illar zanga-zanga a ƙofar makaranta. Ni na ɗauko Auta a kafaɗata, na wanke mata ciwo da ruwan gishiri.

Ba a yi nisa ba hukumar yankinmu ta kafa doka. Mota mai lasifika ta zaga unguwa tana shela da Turanci da buroka, aka kuma kafa allo a bakin ƙofa: an hana zanga-zanga da duk wani taron jama'a kusa da makaranta, daga mahaɗar titi ta sama har zuwa ta ƙasa. Mai son yin kuka ya nemi izini, a ba shi wani fili can kusa da ofishinsu. Da na tsaya na auna da ido, sai na ga gidanmu yana cikin iyakar, famfonmu yana ciki, masallacin unguwa ma yana ciki. Bolar kuwa ba wanda ya ambace ta, tana nan tana hayaƙinta.

Musu ya ɓarke ko'ina. A rediyo ana ta bugo waya, wani lauya yana cewa bakin mutum nasa ne, ba hukumar da ta isa ta zaɓa masa inda zai buɗe shi, wata tsohuwar malama tana cewa yara ba garkuwar kowa ba ne, a bar su su yi karatu. Ina taka keke ina gyaɗa wa wannan kai, in ɗayar ta karɓa ita ma in gyaɗa mata. A gida kuma maigidana, Alhaji, wanda ke sayar da albasa a Mile One, yana bayan dokar ɗari bisa ɗari. Mutum ne mai sanyi, irin wanda in ka taka shi, shi zai ce maka sannu.

“Kin ga dai abin da ya faru,” in ji shi. “Da yarinyar nan an tattake ta fa?”

Na ce, “Alhaji, tattakewa rana ɗaya ce. Hayaƙin nan kullum ne.”

“Ai ba su hana magana ba. Wuri suka ba ku.”

Sista tana wanki a tsakar gida, ta ɗago ta ce, “Alhaji, a wurin da suka ba mu wa yake tari? Ciyawa ce da tuta. Mu je can mu nuna wa wa hayaƙi? In ƙaya ta soke ka a ƙafa, a ƙafa ake cire ta.”

Alhaji ya yi murmushi ya ɗauki butarsa. Shi ba ya musu da mata, barinka yake yi da maganarka ta huce a bakinka.

Sista ba ta haƙura ba. Wata rana da hantsi ta shigo ta zauna a bakin gadona ta rage murya. Ta ce doka ta hana zanga-zanga, amma ba ta hana uwa zuwa ɗaukar ɗanta ba. Ranar Alhamis, in an tashi, kowace mace ta je ƙofa ta kama hannun ɗanta, sai kawai ta ƙi tafiya. Ba waƙa, ba murafe, ba kwali, ba ganye, ba abin da zai jawo 'yan iska. Kowa ta rufe hanci da baƙin takunkumi, a juya a fuskanci bola, a yi shiru. Ta riga ta yi magana da wani mai ɗaukar hoto.

Na ce, “Sista, Allah ya yi miki kai.”

Ta ce, “Ke kuma ya yi miki keke. Takunkumin a hannunki yake.”

Na zazzage buhun ƙyallaye na tsince ragowar baƙin yadin abaya. Na yi ta yanka ina ɗinkawa ina sa roba, Auta tana jera mini su a kan tabarma, tana gwada wannan tana gwada wancan. Ta ce in yi mata nata da ɗan fure a gefe, na yi mata.

Gidan haya ba ya riƙe sirri. Ana saura kwana biyu Alhamis ɗin, Alhaji ya dawo daga kasuwa tun kafin lokacinsa, bai ko cire hula ba ya ce in sa hijabi, Liman yana son ganinmu. Gabana ya faɗi, don tun da aka kawo ni garin nan Liman bai taɓa aiko a kira ni ba.

Sai na yi bayanin masallacinmu kafin a gane abin da ya biyo baya. Ɗan ƙarami ne, matse tsakanin shaguna biyu. Sallolin yau da kullum yana ɗauka, amma ran Juma'a mahauta da masu albasa da masu wake da 'yan dako da masu gyaran takalmi duk nan suke zubowa. Sahu yakan fito waje ya cika titi, ya bi jikin katangar makaranta har mahaɗa. Okada da keke su tsaya ko su kewaya. Ba takarda aka rubuta ba, ba doka ce ta ba mu ba. Iyayenmu ne suka fara shimfiɗa tabarmi a titin tun da daɗewa, 'yan gari suka kau da kai, abin ya zauna haka.

Muka sami Liman a barandar gidansa, dattijo ne da ya tsufa a garin nan. Na durƙusa daga gefe muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi jikin Auta, ya yi mata addu'a mai tsawo. Sannan ya ce wani jami'i ya zo gaishe shi da safe, mutum mai ladabi, har takalmi ya cire.

“Ya ce mini, Malam, mu ba mu taɓa kallon sallarku ta Juma'a a matsayin taro kusa da makaranta ba, kuma ba ma so a sa mu fara. Ya ce sun ji ana ɗinka wani abu a wani gida na Hausawa. Daga nan ya yi sallama ya tafi.”

Na ce, “Allah gafarta Malam, 'yata ba ta iya numfashi.”

“Na sani, 'yata. Ni ma da tari nake kwana.”

“To ku faɗa ran Juma'a mana. Ga lasifika, ga jama'a.”

“Lasifikar ma a cikin iyakar take.”

Alhaji yana ta zungurina da ido in yi shiru, ni kuwa bakina ya riga ya buɗe. Na ce, “Malam, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Ba zagin kowa za mu yi ba. Tsayuwa ce kawai, ko tari sai wadda ya kama.”

Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, “A gida haka ne. Nan kuwa baƙo raɓa ne. Matar nan maƙwabciyarki da mutanenta, in suka tsaya, mata ne suka tsaya. In aka ga hijabi ɗaya a cikinsu, Hausawa ne suka tsaya. In aka naɗe mana tabarmi daga titin nan, ki faɗa mini ina zan kai mutanen nan su yi sallah? Kuma in an naɗe, ba a sake shimfiɗawa.”

Na ce, “Baƙo? Auta a bayan ɗakin can aka binne cibiyarta. Ba ta san wani gari ba.”

Bai yi fushi ba, da ma ya yi, da na samu abin riƙewa. Cewa ya yi in ba su lokaci, dattawa za su kai kukan ta hanyar da aka saba. Sun kuwa kai. Suka sa manyan riguna, suka ɗauki goro, suka cika keke mai ƙafa uku guda biyu zuwa ofis. Aka ba su kujeru da lemo, aka ɗauki hoto, aka ce za a duba. Suka dawo suna ta yabon yadda aka karrama su.

Washegarin zuwanmu gidan Liman mata suka fara sallama. Ni da sai in yi wata ban ga wasu ba, ranar kowa ta tuna da ni. Wannan ta shigo wai ta zo duba jikin Auta, waccan wai ta kawo ɗinki amma ta manta yadin a gida. Kowace sai ta zauna, ta sha ruwa, ta kalli baƙaƙen ƙyallayen da ke kan tabarma, ta ce, “Maman Auta, a dai yi haƙuri, zama lafiya ya fi zama ɗan sarki.” Wata tsohuwa da nake ganin girmanta ta kama hannuna ta ce, “Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Kada a wayi gari a ce matar wane ce ta hana Musulmi Juma'a. 'Ya'yanki a nan za su yi aure.” Ba wadda ta ɗaga murya. Da suka watse sai na ji ɗakin ya yi mini kaɗan, na fita tsakar gida, can ma hayaƙi.

Na tattara takunkuman a leda na kai wa Sista. Ta karɓa ta dube ni ta ce, “Gobe dai ko?” Na ce Allah ya kai mu.

Ran Alhamis Alhaji bai je kasuwa ba, abin da ko zazzaɓi ba ya sa shi yi. Bai kulle ni ba, bai ce kada in fita ba. Cewa ya yi, “Ni ban hana ki ba. Ki dai tuna ni ne zan shiga masallacin nan gobe, ni za a kalla.” Ana saura kaɗan a tashi sai ya miƙe ya zura takalmi, ya je da kansa ya roƙi malama ya ɗauko Auta, ya kawo ta ɗaki ya zaunar. Shi ke nan, ba ni da 'yar da zan je ɗauka. In na fita yanzu, ba uwa ce ta je ƙofar makaranta ba, mai zanga-zanga ce da hijabi.

Na sa hijabin duk da haka. Na tsaya a tsakiyar ɗaki da shi. Alhaji yana kan benci a bakin ƙofa yana jan carbi, bai ko waiwayo ba. Na kalli Auta, ta ɗauko takunkuminta mai fure ta riƙe tana jirana. Na tuna tsohon nan da tarinsa, na tuna 'yan dakon da ba su da komai a garin nan sai wannan sahun na ran Juma'a, na tuna kuma yadda yarinyar nan take damƙe mini zani. Gaba kura, baya sayaki. Aka kaɗa ƙararrawa ina nan tsaye.

Ta bayan labule na gani. Mata suka taru a ƙofa, kowace ta kama ɗanta, suka juya suka fuskanci bola. Baƙin takunkumi a kowace fuska, kuma kowanne na san shi, na san wanda robarsa ta yi gajarta, na san wanda na yi wa ɗinki biyu. Ba ka jin komai sai ƙarar janareta daga nesa. Masu okada suka rage gudu suna kallo. Hayaƙi yana bi ta kansu, yara suna tari, iyaye ba su motsa ba. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan a titinmu ba, kuma ba hijabi ko ɗaya a ciki.

Motar 'yan sanda ta zo. Babbansu ya sauko ya ce a watse, wata ta ce masa 'ya'yansu suka zo ɗauka. Ya ce to sun ɗauka, su tafi. Ba wadda ta tafi. Sai suka zaɓi Sista da wasu mata biyu suka sa a mota, sauran suka ja yaransu suka watse a hankali. Ɗan Sista ni na jawo shi ɗaki na zuba masa abinci, ya ƙi ci. Kafin magariba aka sako su, bayan an ja musu kunne.

Da safe muka haɗu a famfo. Na gaishe ta, ta amsa. Ta tara bokiti, ruwa yana zuba, can ta ce, “Na ga labulenki yana motsi jiya.”

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na ce, “Sista, kada ki fara. Ke cocinku yana da katanga da ƙofa da takarda. In kin tsaya, ke kaɗai kika tsaya. Ni in na tsaya, da mutanen Juma'a gaba ɗaya a kaina nake tsaye.”

Ta ce, “Na sani. Shi ya sa suka je wurin Liman ba su zo wurina ba. Sun san inda igiyarku take.” Ta ɗauki bokitinta, ta ƙara da cewa, “Amma ƙirjin Auta bai san wannan lissafin ba.”

Na huce a kan bokitina, na buga shi da ƙasa har ya tsage.

Da azahar aka shimfiɗa tabarmi kamar kowace Juma'a, sahu ya cika titi har mahaɗa, ba wanda ya ce musu kanzil. Iska ta juyo da hayaƙi kansu. Ina ɗaki ina jin huɗuba ta lasifika, a kan haƙuri da kyakkyawan zama da maƙwabta, Liman yana yi yana tsayawa ya yi tari, sahu ma yana amsa masa da tari daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Na so in yi dariya, kuka ya zo mini. Hoton da aka ɗauka ya ɗan zaga a wayoyi, aka yi ta cewa kai, kai, daga nan wani abin ya taso aka manta.

Bayan 'yan makonni, wata rana da hantsi, ina tsakiyar ɗinki sai ga malamar nan mai tsawa ta faɗo mini ɗaki ko sallama babu, Auta a saɓe a kafaɗarta. Leɓunanta sun canza launi. Abin shaƙar ya ƙi yi mata komai. Ban san yadda na tare keke ba, ban san da wane takalmi na fita ba. A asibiti aka sa mata abin numfashi a fuska, na zauna ina kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Da ta dawo hayyacinta likita ya kira ni da Alhaji gefe, ya ce magani yana da iyaka, in ba a raba yarinyar nan da hayaƙin ba, wata rana ba za mu iso da ita a kan lokaci ba.

Muka zauna ni da Alhaji muna juya maganar. A canza mata makaranta? Ai gidan ma a jikin bolar yake, a nan take kwana. Mu tashi? Alhaji ya yi ta yawon neman gida har unguwar Borokiri, amma inda aka yarda a ba Bahaushe mai iyali ya fi ƙarfinmu, inda muke iyawa kuma da an ji sunansa sai a ce an riga an kama. Ga rumfarsa a Mile One, ga masu kawo mini ɗinki duk a nan, ga yayyenta suna tsakiyar karatu. Duk ta inda muka ɓullo sai mu tarar da bango. A ƙarshe Alhaji ne ya faɗi abin da ni ma na sani na ƙi furtawa: a kai ta Zariya wurin yayata.

Yau tana can. Numfashinta lafiya lau, ta yi ƙiba, Hausarta ta miƙe har tana gyara mini magana a waya. Yayata tana riƙe da ita tsakani da Allah. Kowa ya ce mun yi dabara, Liman ma ya sa albarka. Ni dai na san ina da baki, na san abin da ya kore mini 'ya, yana nan a bayan katanga ina shaƙarsa, kuma har yau ba ni da inda zan tsaya in faɗa.

Lokacin tafiyar, yayata da kanta ta zo ɗaukarta. Da sassafe muka je tasha, ana yayyafi. Na ɗinka mata kaya sababbi, na cusa magungunanta a jaka, na yi ta nanata wa yayata abin da take ci da abin da ba ta so har ta ce, “Ke, ni ma fa na haifa.” Auta ba ta yi kuka ba. Ta bar ni na ɗaura mata ɗankwali, ta hau doguwar motar ta zauna a bakin taga. Sai da direba ya tayar da inji ta turo gilashi ta leƙo.

“Umma, laifin me na yi?”

Na ce, “Ba ki yi komai ba, Auta. Wa ya ce kin yi laifi?”

“To me ya sa ni za a ɗauke, ba bolar ba?”

Na waiwaya wurin Alhaji, ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Na buɗe baki, ni da ake cewa ba a kayar da ni a magana, sai kwandasta ya buga jikin mota. Tana ta kallona tana jira, har yayata ta jawo ta ta zaunar, ta rufe gilashin saboda ruwa.